Ɗankwalin da Rabi ta ɗaure hannun Inna da shi

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka kai ƙanwata Rabi makwancinta a Masanawa. Saura wata huɗu ta kammala karatun gashin ƙashi a jami'a, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba sai bana, don sai bana na gane abin da na yi mata.

Ita ce mace ta farko a gidanmu da ta wuce sakandare. Lokacin an ƙaddamar da shari'a, kowace majalisa ka zauna maganar ke nan, wa ya halatta ya taɓa wa. Rabi ta ce tunda matanmu ba za su yarda namiji ya murza musu jiki ba, dole a samu macen da ta iya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Mu kuwa dariya muke mata. A ce ana fama da abin sawa a baki, kananzir ma sai an bi layi, mutum ya tafi har jami'a koyon tausa? Ni ne kan gaba wajen tsokana, likitar matsa ƙafa nake kiranta.

Ana cikin wani dogon yajin aikin malamai, tana gida, hawan jini ya shanye wa Inna ɓarin dama. Muka yi abin da muka gada: wannan ta ba ta abinci a baki, waccan ta ɗaura mata zani, ko buta ba a bari ta ɗauka. Rabi kaɗai ta ƙi. Kullum da hantsi sai ta sa ɗankwali ta ɗaure wa Inna hannun hagu, mai lafiyar, ta ajiye mata kwanon koko da ludayi, ta koma gefe. Inna ta yi ta fama da hannun dama, koko na zuba a zaninta, Rabi na kallo ba ta ko motsi. Sai daga baya na ji cewa bayan ɗaki take zagawa ta yi kukanta.

Magana ta fita gari, wai boko ya cire wa yarinya imani, ta ɗaure uwarta. Ina koyarwa a Gwarzo aka aiko mini. Na zo a fusace, ko sallamar kirki ban yi ba, na kwance ɗankwalin na jefa wa Rabi.

"Yaya, yatsunta sun fara kama ludayi," in ji ta. "Hannun da ba a mora, jiki mantawa yake da shi. Ka ba ni wata ɗaya."

Na ce, "Uwarmu ce, ba abin gwaji ba. Kika ƙara, kin gama karatu."

Babu wanda ya goyi bayanta, ko mutum ɗaya. Har aka janye yajin aikin ita kaɗai take cin tuwonta a ɗaki, ranar komawa kuma ita ta ɗauki jakarta zuwa bakin titi. Hannun Inna ya dunƙule, bai sake buɗewa ba. Inna ta yi shekara tara bayan rasuwar Rabi ana ba ta a baki. Sau ɗaya tak ta ce mini, "Sani, da kun bar ni da yarinyar nan." Na yi kamar ban ji ba.

To, jiki magayi. Bara ciwon ya zo mini, ni ma ɓarin dama. A asibiti a Kano wata likitar gashin ƙashi, sanye da hijabi, ta duba ni, ta ce tunda yatsun na motsi, a riƙa ɗaure hannu mai lafiyar ina aiki da ɗayan. Ta ga ina hawaye, ta zaci zafi ne. Da Rabi za ta leƙo yau ta ga irinta sun cika sashe guda, mutane na bin layi suna gode musu, na san dariya za ta yi, ta tambaye ni ina likitar matsa ƙafa. Amma da ta shigo gidana, ranta ne zai ɓaci. Matata ta ce Allah Ya kiyaye ta ɗaure mijinta, me duniya za ta ce? 'Ya'yana rige-rigen ba ni a baki suke. Suna ƙaunata, wallahi suna ƙaunata, kuma ina ji ina gani hannun yana tafiya.

Rabi ba ta bar takardar shaida ba, ba ta bar ɗa ba, hotonta ma ɗaya ne. Abin da ya rage nata shi ne wannan tausayi mai ɗaci da babu wanda ya iya a zuri'armu sai ita. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta yafe mini. Yanzu da hantsi nakan tura ƙofa, in tura hannun hagu cikin riga, in zauna ni da ludayi. Jiya sau uku na kai shi baki, na ɗaga kai in gaya wa wani, babu kowa a ɗakin.