Daminar da Jikana Ya Kumbura

Na manta abubuwa da yawa a shekarun da na yi ina fataucin ƙwan zabi, amma daminar da jikana ya kumbura tana raina har in koma ga Allah. Abu uku ne a hannuna lokacin: auren ɗiyata, da matan ƙauyen da ke tara mini ƙwai, da ran yaron. Na san da wuya su tsira duka.

Ɗiyata tana aure a wani ƙauye bayan Tabla, kuma daga nan nake samun yawancin ƙwan da nake aikawa Yamai. Uwar mijinta ce ke tattara mini na matan unguwa. Wata rana na je ɗauka, na tarar da yaron zaune gindin rumbu, bai daɗe da yaye ba. Ƙafafu sun yi suntum, gashi ya yi ja. Na ce, "Maigidana, yau ba ka tarbe ni ba?" Wasanmu ke nan, amma ko kallona bai yi ba. Na danna yatsa a ƙafarsa, wurin ya lotsa ya tsaya haka.

Na ce wa tsohuwar, "Inna, mi yaron ga ke ci?"

"Kunun hatsi, sahe da marece. Ba ki ga ya yi ƙiba ba?"

"Wagga ba ƙiba ba ta. Ga ƙwai cike da ƙwarya, ku dahwa mishi guda."

Ta riƙe baki. "Hajiya, ɓarawo kike so mu yi cikin gida? Yaro ya saba da ƙwai, gobe akurkin mutane za shi!"

Ni ma da wannan maganar aka rene ni. Sai dai na ga ƴaƴan birni da ke cinye ƙwan da nake kaiwa, ban ga an ɗaure ko ɗaya ba. Na dubi ɗiyata, ta sunkuyar da kai. Ɗan fari ne, kunya ba ta barinta ta faɗi sunansa, balle ta yi gardama a kansa. Ubansa yana gona. Ban jira shi ba, na goya yaron, na bar ƙwaryar a wurin.

A gidan likita na Filinge aka ce tamowa ce, ciwon rashin abinci mai gina jiki, aka kwantar da mu. Sai da suka fara shi da madararsu, kumburin ya saɓe, sannan aka bar ni in ba shi na gida. Malamar jinyar ta ce kunun hatsi zalla ciki yake cikawa, ba ya gina jiki. Ƙwai, wake, nono, garin ƙuli-ƙuli da zogale a kunu, su ne ginin. Duk akwai su a ƙauyen, sai dai kasuwa ake kai su.

Na gaji a daminar nan irin gajiyar da barci ba ya cirewa. In dama, ya tofar, in sake damawa. Ƙwan da na tara a garinmu Bonkuku ya ruɓe a ɗaki don ba mai kai shi tasha. Tsohuwar kuma ta bi gida-gida ta ce na sace musu jika, matan suka koma sayar wa wani.

Da kaka na mayar da shi yana tafiya da ƙafarsa. Auren ɗiyata bai mutu ba, amma har tsohuwar ta rasu ba ta sake amsa sallamata ba, ƙauyen kuma bai dawo hannuna ba. Na yi asarar ciniki da mutunci a gida guda, yaro ya rayu. Abin da na koya shi ne, abincin da ke raya yaro sau da yawa yana cikin gidan, a ƙwaryar da aka ware wa kasuwa. Duk matar da ta kawo mini ƙwai yanzu, sai na tambaye ta nawa ta bar wa na goye kafin in karɓa.