Dabinon da Na Tauna wa Angona

Shekara arba'in ko fiye, ba a haihuwa a unguwarmu ta Dandin Mahe ba a aiko mini ba. Ni ba ungozoma ba ce. Aikina guda ne: in tauna dabino, in lakato da yatsa, in goga wa jinjiri a dasashi, in yi masa addu'a. Ana cewa bakina yana da albarka, ni kuwa ban taɓa musantawa ba. Ku je kasuwar albasa ku duba, rabin masu ɗaga buhu a can da yawuna sunka fara ɗanɗana duniya.

Jikata, wadda ke rubuta wannan labarin yanzu tana murmushi, ta yi karatun aikin asibiti, tana aure a Bodinga. Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida goyon ciki. Tun kafin ta haihu ta same ni ina tsinke yakuwa.

"Kaka, in na sauka, don Allah kada ki tauna mai dabino."

"Mi? Ke da kike tsaye kina gaya mini haka, wa ya tauna maki naki?"

"Ke ce. Amma akwai wata cuta da ke zama cikin yawu. Babba ba ya jin ta, jinjiri ko tana iya taɓa shi."

Ta faɗi sunan, saitomegalo. Na ce wannan ai sunan aljani ne, ta tashi ta ba ni wuri.

Yaron ya zo kafin lokacinsa, ɗan ƙarami, kamar kurciya da anka fige. Uwar na bayan ɗaki wurin wanka, na ciro dabino daga haɓar zanena, na yi abin da na saba. Na ce masa, "Angona, kada ka gaya wa kowa." Kwana huɗu sai idanunsa sunka yi ɗorawa, jikinsa ya fito da ɗigo-ɗigo. Anka tafi da shi babban asibiti a Sakkwato, ya yi makonni, ya dawo da maganin sha.

Ya rayu, ya yi ƙiba. Amma wata rana, yana da wata biyar, taɓarya ta kuɓuce wa mai daka ta faɗi kan kwanon sha a hagunsa. Kaji sunka watse, akuya ta tsinke igiya. Yaro bai ko motsa ba. Na zagaya damansa na tafa hannu, ya juyo. Na koma hagu na tafa, shiru.

Uwar ta ce ta sani, an gaya mata a asibiti cutar nan ce ta taɓa kunnen. Ba ta san da dabino ba. Ni na sani. Haihuwa biyu anka yi a unguwa a watan nan, ban je ba, na ce a ce musu haƙori ke damuna. Ni, da har yau nake fasa ƙashin rago.

Ranar da za ta maida shi awo na yafa mayafi na ce da ni za a je. Kwana uku kafin nan na daina cin goro, na dirje bakina da asuwaki har ya yi jini, don likita ta samu gani da kyau. Da munka shiga, likitar wata mata ce doguwa mai tabarau. Ban bari ta gama gaisuwa ba na wangame mata baki.

"Ɗiyata, duba nan. In tana ciki ki gaya mini, kada ki ji nauyina. Ni na tauna mai dabino ranar da anka haife shi."

Jikata ta dafe ƙirji. "Kaka!"

Likita ta danne dariya, ta ce in rufe bakina, abin ba ya ganuwa da ido. "Kuma ko ban duba ba, Inna, zai yi wuya a ce ba ki da ita. Ni ma haka. Kusan duk babba a ƙasar nan ya gamu da ita tun yana goye."

"To mi ya hana mu kurmancewa duka?"

Sai ta ja kujera. Ta ce a cikin jinin kowa akwai wasu ƙananan halittu masu tsaron jiki. Idan cutar ta shiga, su ke gane ta, su taru su tare ta. Ba sa iya korar ta gaba ɗaya, sai dai su ɗaure ta ta zauna shiru har ƙarshen ran mutum.

Na ce, "Kamar sa mai tunkuyi ke nan. Ba a yanka ba, an dai turke."

Ta ce haka ne. Na tambaye ta ko jinjiri ma yana da masu tsaron. Ta ce yana da su, tun yana ciki suna aiki, sai dai sababbi ne, ba su da saurin na babba. Shi ya sa cutar kan daɗe tana fita a fitsarin yaro da yawunsa, wani har shekaru, kafin su ci ƙarfinta. Kuma ba sa mantawa, waɗanda sunka taɓa ganin ta suna nan suna jiran ta.

Abin nan ya tsaya mini a rai. Ɗan da bai san sunansa ba, bai san hannunsa nasa ne ba, amma cikin jininsa akwai masu gane baƙo! Wa ya koya musu? Ta ce uwa kan ara wa ɗa nata makaman tun a ciki, saura kuwa su da kansu ke koyo, kuma har yanzu masana ba su gama gane yadda suke yi ba. Na ji daɗi da na ji akwai abin da masu tabarau ba su sani ba.

Sannan ta buɗe takardunsa. "An samu cutar a fitsarinsa tun bai yi mako ba. Da daga bakinki ta shiga, sai ta yi makonni kafin ta nuna. Wannan da ita ya zo daga ciki, kuma irin wannan ce ke taɓa kunne. Ba ke ba ce, Inna. Ba laifin uwarsa ba ne kuma."

Na gyara mayafina, na dubi jikata sama da ƙasa.

"Amma," in ji likita, "ɗan da bai cika wata tara a ciki ba, masu tsaronsa ba su yi ƙwari ba. A bar shi da nonon uwarsa, kada a ƙara masa yawun kowa."

Munka shiga mota, munka wuce Bodinga. Jikata ta ce, "Ashe ɓarauniya ce ke." Na ce ɓarawon da alƙali ya sallama ya fi mai ƙara daraja.

Bayan mako biyu anka aiko daga gidan maƙwabta, an samu mace. Na je. Na sa anka kawo sabulu na wanke hannu, na murje dabinon da yatsuna har ya yi laushi, na ɗan goga mata, na yi addu'ar da na saba. Wata tsohuwa ta ce ko haƙorin ne har yanzu. Na ce haƙorina lafiya lau, ta kawo ƙashi ta gani.

Angona yana da shekara uku yanzu. Idan sun zo, da kansa yake zagayowa ya zauna a haguna, ya ba ni kunnensa na dama, ya ce in yi masa ta gizo.