Darasin Ƙwayar Zarra a Kazaure

Malaminmu na kimiyya a sakandare mutumin Roni ne, siriri, mai saurin magana. A bakinsa muka fara jin cewa duk abin da ido ke gani, daga dutse har tuwon da ke cikinmu, da ƙwayoyin zarra aka gina shi, kuma kowace ƙwaya tana da cibiya wadda in aka fasa ta sai wani irin ƙarfi ya fito. Yakan cura laka da gero da dawa, ya ce ga cibiyar nan, ya jefe ta da tsakuwa ta tarwatse a kan tebur, mu yi ta dariya.

Zamanin kuɗin mai ne. Ya ce can arewa, a ƙasar Nijar, ana haƙo wani ƙarfe, yuraniyom, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa zai ba gari guda lantarki. "Ku za ku gina mana tashar lantarkin," in ji shi. Muka kuwa yarda.

Aka aiko wa makarantar akwatunan kayan gwaji, har da wata na'ura da ke ƙara in an kusanto ta da irin wannan ƙarfe. Aka ce kada a buɗe sai injiniya ya zo. Bai zo ba. Gara ta ci katakon, yoyon damina ya ƙarasa sauran.

Wanda ya fi mu gane darasin abokina ne, Bafulatani daga wajen Kanya Babba. Shi Malam ke miƙa wa alli in lissafi ya gagare mu. Muna ajin ƙarshe fari ya kashe yawancin shanunsu, mahaifinsa ya zo tafiya da shi. Malam ya bi su har bakin ƙofa.

"Baffa, ku bar mini shi ya yi jarrabawa. Cinsa da shansa a wuyana."

"Allah ya saka, Malam," in ji tsohon. "To wa zai kora ragowar zuwa kudu? Ni ƙafa ta ƙare."

Abokina ya saɓa tabarmarsa ya bi uban, ban kuma sake jin ɗuriyarsa ba.

Daga nan Malam ya yi sanyi. Sai dai ya shigo ya cika allo da rubutu, mu kwafa, ya fita. Shekara na zagayowa ya bar koyarwa.

Na daɗe ina aikin ofis a ƙaramar hukuma kafin na gamu da shi a kasuwar Gwiwa, yana auna takin zamani da kwano. Na rusuna na gaishe shi, da ƙyar ya gane ni.

"A cikinku akwai wanda ya ci gaba da karatun nan?"

"Babu, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya tambaye ni iyali. Sai wani manomi ya tsaya taya taki, Malam ya juya wajensa, ni kuma na yi sallama na tafi neman motar gida.