Wa Ya Kira Taron Talata, Malam Nata'ala?

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Da hantsin Laraba, 12 ga Fabrairun 2025, ɗanka Siddiq ya kira ni ya ce ka cika, bayan mako uku kana jinya a asibiti. Malam Nata'ala, kai ka koya mini Turanci a sakandare, kai ne kuma sakataren ƙungiyar unguwarmu ta Maje har shekara goma sha ɗaya, ina mataimakinka a ukun ƙarshe.

Ban manta ranar da ka cinye darasi guda a kan kalmar convene ba, wato kiran taro, muna ta hamma. Ka ce asalinta Latin ne, daga kalmomi biyu masu nufin "tare" da "zuwa". Ka ce ba kowane cincirindo ake faɗa wa ita ba. Masu kallon hatsarin mota a bakin titi sun taru, amma ba wanda ya kira su. Kalma ce ta kotu da majalisa da kwamiti, inda mai hurumi ke sa rana, ya sanar da duk mai haƙƙin zama. A lokacin mun ɗauka surutun malami ne kawai.

Sai da na yi aiki da kai na ga da ƙafa kake fassara ta. Gida gida kake bi da tsohuwar lemarka, ko an tura saƙo a waya. Ba ka taɓa sa taro ranar aiki ba, don rabin unguwa na Abuja wurin neman abinci. Akwai Asabar ɗin da ka tashi taron da ya riga ya zauna, saboda ka tuna ba a gaya wa Baba Lado ba, tsohon manomin da ya ba unguwa gonarsa a yi maƙabarta. Mutane suka yi ta guna-guni, kai kuwa ko a jikinka.

Shi ya sa wata takarda da ta ɓulla da sunan ƙungiyarmu ta tsaya mini a rai. Ta ce kai ka kira taro ranar Talata, 4 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe, mutum biyar suka amince a sayar wa masu gina rukunin gidaje filin maƙabartar, tunda ba a binne kowa a ciki ba tukuna. Ga sa hannu mai kama da naka a ƙasa. Na tambayi shugabanmu, Alhaji Khamis, ya ce, "Haba Muhsin, ai Malam ne ya yi kira daga gadon asibiti." Ni kuwa na duba ka ranar Litinin, ana gobe taron, ko kofin ruwa sai an riƙe maka. Ba a gaya mini ba, ba a gaya wa Baba Lado ba. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, ban kuma kama hannun kowa ba, amma biri ya yi kama da mutum. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, an ari sunanka a lokacin da ba ka da bakin musu.

Da aka gama yi maka sutura, Alhaji Khamis ya ce a kai ka tsohuwar maƙabartar cikin gari, wai ta fi sauƙi. Matarka, Hajiya Yalwa, ta aiko daga cikin gida: "Malam ya bar wasiyya, a gonar Baba Lado za a sa shi." Can muka kai ka, naka ne kabarin farko. Masu awon fili sun ce suna tafe ranar Litinin. Kai za su fara tararwa.

Ina yi wa Hajiya Yalwa da Siddiq da 'yarka Fauziyya da dukan dangi ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya jiƙanka, Malam, ya yafe kurakuranka, ya bayyana gaskiyar wannan takarda. Filin da ka tsare mana kana raye, kake kuma tsaronsa kana kwance, Allah ya mayar maka da shi dausayin Aljanna. Amin.