Odile Surette, Mai Tambayar Ƙarfe Huɗu

Ƙarfe bakwai na safe take shigowa shagona, ko ana ruwa ko ana dusar ƙanƙara, kuma ba ta gaishe ni sai ta gama da allon. Takan tsaya a gabansa, hular ulu har gira, ta bi sunayen jiragen kamun kifin da yatsa ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Manhajar da ta rubuta da hannunta ta riga ta ƙirga su, amma sai ta sake. Sannan ta juyo ta ce, "Kawu, kofi." In zuba mata baƙi, ta wuce rumfar da mahaifinta yake ajiye tarkuna a da, inda kwamfutocinta suke. Huɗu saura na yamma ta dawo ta sake tsayawa. Shekara goma sha tara ke nan ana haka.

Sunanta Odile Surette. Ƙarshen watan Mayu, idan an kwashe tarkunan lobsta, wani dangin ƙaguwa, daga teku, za ta ajiye aiki ta miƙa wa ƙungiyar masunta komai kyauta. Ni ba marubuci ba ne, ƙanƙara da man jirgi nake sayarwa a bakin tashar jiragen ruwa. Amma na san mutanen garin nan, sai mutum ya mutu suke gano yana da kirki, ni kuwa ina so ta ji da kunnenta.

A da allon katako ne da alli a bangon shagon. Jirgi ya fita a rubuta, ya dawo a goge. Wata ranar Talata na hango wata mota ja tana hawa tudu, na ɗauka ta Benoni ce, mahaifin Odile, na sa hannu na goge sunansa. Ashe yana can, injinsa ya mutu, igiyar ruwa na jan sa waje. Ba a fita nemansa ba sai washegari, kuma sanyi ya riga mu. Ni na goge. Ban taɓa faɗa a rubuce ba sai yau, kuma har gobe abin yana cina.

Lokacin tana Toronto, tana rubuta manhaja a wani kamfani, da albashin da mu nan ko a mafarki. Bayan jana'iza da wata biyar sai ga ta da akwati biyu. Ta bar aikin, ta sayar da motarta, ta haɗa da abin da ta tara, ta shiga rumfar nan mai warin kifi ta rufe ƙofa. Ba ta nemi mai zuba jari ba, ba ta je banki ba. Ta ce duk wanda ya sa kuɗinsa zai sa bakinsa. Aka yi ta dariya, wai 'yar Benoni ta yi karatu har ya zarce.

Abin da ta fito da shi ba shi da wani ado. Kafin ka fita ka taɓa wayarka, sunan jirginka ya bayyana a allon shago da kalma biyu: a teku. Ƙarfe huɗu saƙo ya zo maka: "Ka dawo?" Ka amsa da zarar ka ɗaure igiya, allo ya rubuta "ya dawo", haɗe da duk abin da ka ƙara. In ƙarfe shida ta yi ba ka amsa ba, wayar kowane maƙwabci ta kama ƙara. Doka ɗaya ta kafa, ba wanda zai amsa a madadin wani, ko matarsa, ko shugaban tasha, ko ita kanta. Ba ta taɓa gaya wa kowa dalilin dokar ba, ba ta kuma taɓa kallona da ita ba.

Shekarar farko jirgi shida suka yarda, biyu ma don kunyar marigayin. Masunta ne fa, mutum ya fi yarda da ciwon gwiwarsa a kan hasashen yanayi. Ita ce mai rubutawa, ita ce mai gyara, ita ce mai ɗaukar waya. Na sha ganinta a durƙushe a cikin jirgi tana koya wa dattijo inda zai danna da yatsan da ya fi maɓallin girma. Yau tasha goma sha ɗaya ke aiki da allonta. Mutum biyar da na sani da suna suna cin abinci da iyalansu saboda ƙarar nan ta ƙarfe shida. Wani kamfani ya zo saye, da sharaɗin a ƙara maɓallin da shugaban tasha zai danna ya ce kowa ya dawo, don sauƙi. Ta raka su har mota.

Odile, ke ce kika ga sauƙi kika juya masa baya. Ke ce mai tambayar da ba ta gajiya.

To, amma ba don wannan na ɗauki biro ba.

Shekara bakwai da suka wuce Alcide Pothier ya fita da jirginsa, Marie-Luce, bai dawo ba. Ƙararrawa ta yi aikinta, aka fita a kan lokaci, aka yi kwana tara ana nema, ko katako ba a gani ba. Sunan jirgin ya zauna a allo: a teku. Ba mai iya canja shi sai shi. Odile ta so ta cire layin, matarsa Zita ta roƙe ta ta bari. Kullum la'asar Zita na zuwa ta zauna a kan benci ta kalli layin, ta sayi burodin da ba ta buƙata, ta tafi. Ta riƙe layin wayarsa a buɗe shekara shida. Sai bara 'ya'yanta suka shawo kanta ta rufe. Ta fara zuwa coci, ta fara dariya, zuwanta shago ya koma sau ɗaya a mako. Muka ce Allah ya kawo sauƙi.

Wata Alhamis a watan Disamba hazo ya taso daga teku tun azahar, irin wanda ba ka ganin ƙarshen tasha. Jirage na shigowa ɗaya-ɗaya, ana jin injin kafin a ga jirgi. Mu kusan goma a shago, har da Zita. Allon yana yin wata 'yar ƙara duk lokacin da wani ya amsa. Huɗu da minti goma ya yi ƙara, na ɗaga kai don in ga ko waye.

Marie-Luce. Ya dawo. A gefe an rubuta: "E. Da sanyi."

Wani ya cire hularsa. Ina jin ruwa na dukan ginshiƙan tasha a ƙarƙashinmu. Zita ta tashi a hankali ta fita, muka bi ta. Ta taka har inda Alcide ke ɗaure jirginsa, wurin da ba wanda ya yarda ya ɗauka tun lokacin, ta tsaya tana kallon hazon. Babu komai sai igiya tsohuwa tana lilo.

Washegari ta zo da rigar sanyinsa ta ulu, shuɗiya, a ninke a ƙirji. Ta tsaya a wurin daga azahar har duhu ya fara. Rana ta gaba ma haka. Ba ta ci, ba ta jin kira, 'yarta na kuka tana jan hannunta. Tana cewa ya ce da sanyi, ba za ta bar shi ya sauko ba riga ba. Kowa ya ga matar nan za ta tafi, ko hankalinta ko ita gaba ɗaya. Gari kuma ya cika da magana. Wasu suka ƙi fita teku, wani ya rantse ya ji injin Marie-Luce, fadan coci ya zo ya yi addu'a a bakin ruwa. Ni kaina na daina juya wa allon baya.

Na je rumfar na ce wa Odile ta fito ta ce na'ura ce ta yi kuskure, kowa ya huta. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ba za ta faɗi abin da ba ta gani ba, saƙon gaske ne ya shigo, daga lambar Alcide. Fuskarta ta yi fari fat. Sai ta ce a hankali, "Kawu, ranar da aka daina nemansa na kashe ƙararrawa. Ban kashe tambayar ba."

Na ce ban gane ba.

Ta ce, "Shekara bakwai, kullum ƙarfe huɗu, ana tambayarsa ko ya dawo."

A gabana ta buga lambar. Wallahi na riƙe bakin tebur. Ta yi ƙara sau biyar, sannan aka ɗauka, muryar wani tsoho tana haki.

Sunansa Murdock Beaton, shekara tamanin da ɗaya, can Cape Breton, nesa da ruwa. 'Yarsa ce ta saya masa waya, kamfanin waya ya ba shi tsohuwar lambar da Zita ta saki. Mako uku yana ganin saƙon yana ƙyalewa. Ya yi shekara talatin a ramin haƙar kwal, inda kowa ke da ɗan ƙarfe mai lamba da yake rataya a ƙusa in ya fito, kuma ba mai rataya na wani. Ya ce tun da matarsa ta rasu ba wanda ya tambaye shi ko ya dawo. Ran nan ya shigo daga kanti, dusar ƙanƙara har gwiwa, wayar ta yi ƙara, sai ya ga rashin kunya ne a yi ta tambaya yana shiru.

Odile ba ta aiki kowa ba. Da ƙafarta ta taka har ƙarshen tasha, ina biye. Ta tsaya kusa da Zita ta ce, "Goggo, ba shi ba ne. Laifina ne." Ta faɗa mata komai, ba ta rage ba, ba ta ɓuya a bayan na'ura ba.

Zita ta ce, "Shi wannan ɗin, shi kaɗai yake?"

"Shi kaɗai."

"Kuma da gaske yana jin sanyi?"

"Da gaske, Goggo."

Ta dubi rigar, ta dubi ruwan. Ta miƙa wa Odile ta ce a aika masa. Sai a lokacin ta fashe da kuka, kukan da ba ta yi ba a shekara bakwai, mu ma muka taya ta.

Odile ta gyara kuskurenta a mako ɗaya, ta rubuta wa duk tashoshin nan goma sha ɗaya abin da ya faru, da sunanta a ƙasa. Ta ƙara hanya guda ta sauke sunan jirgin da ya ɓace, kuma iyali kaɗai ke iya dannawa. Zita ta sauke Marie-Luce da yatsanta. Shi kuwa Murdock ya roƙi kada a daina tambayarsa, sai Odile ta ba shi layinsa a allon, ƙasan jirage, ta nemi lambar maƙwabciyarsa saboda ƙarar ƙarfe shida.

Odile, na gode. Na gode a madadin mutum biyar ɗin nan, da Zita, da wani tsohon mai shago da kika bari yana zuba miki kofi shekara goma sha tara ba ki taɓa tuna masa abin da hannunsa ya goge ba. Ku kuma matasa masu wannan sana'a da ke son kafa naku, ku zo ku ga rumfar nan. Ku fara da mutanen da kuka san sunansu, ku ɗauki waya da kanku, in kun yi kuskure ku taka da ƙafarku ku faɗa.

Rigar ta yi kwana shida a hanya. Rana ta bakwai hazo ya sake rufe tasha, Zita na kan benci. Huɗu da 'yan mintuna allon ya yi ƙara, duk muka ɗaga kai tare. A layin Murdock an rubuta: "E. Yau babu sanyi."

Zita ta karanta sau biyu. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta ce mana sai da safe, ta tafi gida ba tare da ta waiwayi ruwa ba.