Maccido Mai Rubuta Buhu

Duk wanda ya taɓa ɗora buhu a motar Kebbe zuwa Tambuwal ya san Maccido, in bai san fuskarsa ba ya san hannunsa. Shi ne mai rubuta sunan mai kaya a jikin buhu. Shekara ashirin da biyu yana zaune a gindin dogonyaron tasha, kan wani benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya da yake tokarewa da dutse. Yatsunsa uku na dama baƙi ƙirin suke, har matarsa Mardiya ta daina ɓata sabulu a kansu. Ya taɓa tambayar liman hukuncin alwalarsa, liman ya ce launi ba ya hana ruwa shiga, kauri ne ke hanawa. Tun daga ranar yake yawo da dutsen goge kaushi a aljihu, kafin kowace salla sai ya kankare yatsun nan tas.

Da dako ya fara. Wata rana buhun shinkafa ya zame masa daga saman mota ya gurɗe masa ƙugu, ya yi wata huɗu a kwance, ya tashi da ɗingishi. Aji huɗu ya yi a firamare, amma Allah ya ba shi kyan rubutu, boko da ajami duka. Sai ya sa kafinta ya buga masa benci, ya dawo tasha da kwalbar tawadar allo da tsinken kara.

Tawadar nan ce ta fara ba shi kunya. Ruwa ɗaya aka yi a hanya, sunaye suka zube kamar an wanke allo, wani mai dawa ya zage shi a gaban jama'a har da uwa.  Ya aika aka sayo masa maka, alƙalamin nan na kanti mai kaurin baki, daga Tambuwal, sai ga wata matsalar: jikin buhu kaushi gare shi, kasuwa biyu bakin maka ya cinye, ga zafin rana na busar da ita. Ran nan ya zauna a tsakar gida ya tsaga guda da reza, ya baje kayan cikinta a faifai. Bututu ne, da curin abu mai kama da auduga da ya sha tawada, da ɗan baki mai tauri.

"Ashe ke nan duka?" in ji shi. "Wanga abu na anka ɗauko muna a jirgi?"

Mardiya tana tankaɗe ta ce, "To, Bature. Sai ka yi taka mu gani."

Ya kuwa yi, amma sai da ya ci shekara guda yana ɓata mata kwanoni. Bututun roba na wayar lantarki yake yankawa tsawon taƙi ɗaya. Ya cusa auduga a ciki, ba da ƙarfi ba, don in ta matse tawada ba ta tafiya. Baki kuwa daga tsohuwar hular dara yake yanko shi, ya naɗe, ya tsoma a folish ɗin kafinta, ya shanya kwana biyu har ya yi tauri, sannan ya fiƙe. Gindin ya toshe da guntun silifas. Tawadar ta fi ba shi wahala. A ƙarshe ya dace da baƙin garin da masu gyaran takalmi ke rina fata da shi, ya narka a sifirit, ya ƙara folish ɗin nan kaɗan, shi ne ke sa baƙin ya kama buhu ya ƙi saki. Na farko da ya haɗa sai ɗiga suke yi, ko su ƙi rubutu sam. Sai da ya koma ya duba ta kanti da kyau ya ga wata 'yar tsaga a gefen bakinta, inda iska ke shiga. Ya yi wa tasa da allura. Ranar da ta yi rubutu, a gindin turmin Mardiya ya gwada, sunanta yana nan har yau, turmin ya tsage sunan bai tafi ba.

Haka ya rayu, ya aurar da 'ya'ya mata uku da kuɗin maka.

Bara, farkon damina, lokacin da manoma ke fitar da ajiya su sayar su sayi taki, sai ga Ɗangiwa, shugaban 'yan lodi, ya tsaya a kansa da wani mutum mai farar shadda da kwalin maka a hammata. Mannir ne, ƙanen matar Ɗangiwa, wanda ya yi shekaru yana tsaron kantin littattafai a Sakkwato, kantin ya rufe ya dawo gida.

"Malam Maccido," in ji Ɗangiwa, "ƙungiya ta zamna. Daga yau Mannir na za ya riƙa rubutu. Kai ka tsufa, ka tafi ka huta."

"Wa yac ce maka na gaji?"

"Ba batun gajiya ba na. Zamani ya canza. Dubi kayan kamfani, kwali guda. Kai ko kana nan da bututun lantarki da tsumman hula, baƙi na zuwa suna yi muna dariya."

Maccido ya miƙa hannu. "Ba ni guda in gani."

Mannir ya ba shi yana murmushi. Ya cire murfin, ya shinshina, ya ja layi a farcen babban yatsansa, ya jira ta bushe, ya shafa da gefen riga. Farce ya fito fes.

"Wagga ta makaranta ta," in ji shi. "Ta farin allon malamai. Don ta gogu anka yi ta. Akwai wani abu mai santsi ciki, ba ta kama komi."

"Baba," in ji Mannir, "shekara tara ina sai da maka. Ka ga buhu bai yi kama da farce ba."

"Kai ka sai da ita, ni na fasa cikinta."

'Yan lodi suka kwashe da dariya, wani ya ce injiniyan Kebbe ya yi magana. Ɗangiwa ya ce a tashi, inuwar ta ƙungiya ce, bencin ma na ƙungiya ne. Maccido ya dube shi ya daɗe.  Ya tattara alƙalumansa a jakar buhu, ya ɗauki dutsen tokarensa, ya ɗingisa ya tsallaka titi. Mannir kuma ya ce shi ba ya zama kan gurgun benci, aka kawo masa kujerar roba, aka jefa bencin bayan rumfar lodi.

Mardiya ta ce ya zauna gida, abin da ya rage na mutunci a riƙe shi. Ya ce ko buhu ɗaya bai samu ba sai ya je. Kowace ranar kasuwa yakan shimfiɗa tabarma kusa da mai faci, tsallaken titi, daidai inda Ɗangiwa ba zai iya ɗaga kai bai gan shi ba. Rana ta dake shi, ya ɗora jaka a ka. Mutane sukan wuce su sunkuyar da kai, don wanda bai rubuta wurin Mannir ba kayansa ne na ƙarshe a lodi.

Goggo Bashira ce kawai ba ta sunkuyar da kai ba. Tsohuwa ce mai aika wa 'yarta wake a Tambuwal. Ta sa aka sauke buhunta a gaban tabarmar.

Ɗangiwa ya ƙwala mata daga can, "Goggo, nan a ka rubutu yanzu!"

"Kai Ɗangiwa, ba ni na yi ma uwarka wankan jego ba? Wakena na, in na so akuya ma sai ta rubuta."

Da aka ga ba abin da ya same ta, mutum uku huɗu suka bi sahunta.

A kasuwa ta uku aka loda wata babbar mota buhu sittin da biyu. Hadari ya haɗo tun hantsi, ba su yi rabin hanya ba ruwa ya sauko. Mota ta kafe a laka. Aka sauke kaya cikin ruwan, ana ja ana turawa, buhu na gogar buhu, aka fitar da ita aka sake lodawa. Da suka isa Tambuwal dillalai suka zo karɓar na mutanensu. Buhu taran da Maccido ya rubuta ne ke da suna, baƙi wuluk kamar yanzu aka rubuta. Sauran hamsin da uku fari fat, sai ɗan duhu-duhu kamar an shafa toka. Gero kuma duk gero ne a ido, amma wani na bana ne, wani ya shekara biyu a rumbu, wani an cika shi har wuya wani an rage. Rigima ta tashi har aka fara cin kwala.

Bayan azahar Maccido ya ga Ɗangiwa yana tsallako titi da waya a hannu, babu 'yan rakiya.

"Malam Maccido, ka ji abin da yaf faru."

"Ban ji ba. Nan tsallake labari bai isowa."

Ɗangiwa ya faɗa masa. Ya ce ko akwai dabara.

Akwai. Shekara ashirin da biyu bakin buhu na wucewa ta ƙarƙashin hannunsa, ya san ɗinkin kowa: wanda ke ɗinki da hagu, wanda ke barin kunnuwa dogaye, mutanen da ke ƙulli biyu a ƙarshe, da wanda rowar igiya ke sa shi tsallake. Ya miƙe ya kakkaɓe riga.

"Zan tafi. Amma ka ji da kyau, ba don kai ba. Don masu gero na."

Ya hau kabu-kabu da wannan ƙugun nasa, cikin laka, har Tambuwal. Ya bi buhunan ɗaya bayan ɗaya yana shafa ɗinki, yana kiran suna, yana rubutawa da bututunsa. Hamsin ya raba kafin la'asar sakaliya. Uku suka gagare shi, ya ce bai sani ba, ba kuma zai yi ƙarya kan abincin mutane ba, masu su suka juye suka raba daidai. Ya kwana biyu bai iya miƙewa ba, Mardiya na gasa masa ƙugu tana faɗa.

Ranar kasuwa ta gaba ya fito da tabarmarsa kamar kullum. Sai ya hango bencin a gindin dogonyaro, ya sha ruwa ya yi kore, an jingina shi. Mannir na gefe kan kujerar roba da sabon kwali, wannan karon na gaske, marar goguwa. Ɗangiwa ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Ƙungiya ta ce ka dawo, ta ba ka bencinta."

Maccido ya tsallako. Ya kama bencin ya kifar da shi a gaban kowa. A ƙasan katakon, cikin gansakuka, ga rubutu baƙi da boko da ajami: Maccido Kebbe.

"Mannir, kai ka yi karatu da yawa. Karanta ma mijin yayarka."

Mannir ya karanta, murya ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya yi dariya.

Maccido ya juya bencin, ya ciro dutsen daga jaka ya tokare gajeriyar ƙafar, ya zauna ya ce bismillah. Mannir ya fara tattara kwalinsa zai tashi.

"Zamna," in ji Maccido. "Inuwa ta Allah ta, ban hana ka ba. Benci dai nawa na, ba wanda yab ba ni shi." Ya cire murfin bututunsa. "Goggo, matso da waken nan."