Na'urar Awon Ido a Motar Ƙwai

A tashar kaya Hawainiya ake ce masa. Shekara ashirin da shida yana dakon ƙwai a tsohuwar motarsa mai buɗaɗɗen baya, bai taɓa fasa kiret guda ba, bai kuma taɓa isa ko'ina da wuri ba. 'Ya ɗaya Allah ya ba shi, ta rasu wajen haihuwa ta bar masa jika. Yanzu shekarar jikar tara, idonta na hagu ya mutu, na dama ya fara dushewa.

Sau ɗaya a wata likitan ido ke zuwa asibitinsu, ƙarfe sha biyu kuma yake tafiya. Ya ce idon ba zai jira wani watan ba, amma ba zai taɓa shi ba sai an auna. Na'urar awon tana wurin gyara a can ƙarshen gari, motar asibiti kuma ta lalace. Hawainiya ya ce shi zai ɗauko.

"Baba, wannan ba ƙwai ba ne," in ji mai gyara. "Ƙwai in ya fashe kana gani. Wannan madubai ne a cikinta. Ɗaya ya goce ko da kaurin gashi, za ta kunnu lafiya lau, ta riƙa ba likita lambar ƙarya. Kar a kwantar, kar a girgiza."

Hawainiya ya rage iskar tayoyi, ya jera kiret-kiret na takarda hawa biyar, ya ɗora katifa, aka tsayar da na'urar a kai. Matarsa ta hau baya ta rungume ta. Goma da rabi suka tashi.

Kowane rami sai ya tsaya ya lallaɓa. Masu hon suka yi layi a bayansa. Wani ya leƙo ya ce, "Tsoho, gawa ka ɗauko ne?" Hawainiya ya ci gaba da lallaɓawa. Ya taɓa ɗaukar gawa, ta 'yarsa, a motar nan.

Matarsa ta ƙwanƙwasa gilas. "Malam, sha ɗaya ta gota. Mai baro ma ya wuce mu."

"Na gan shi."

"Ka ɗan taka mana, don Allah."

"In na taka, ƙarya za mu kai mata."

Bai ƙara wuta ba. Sha biyu saura kwata, ko rabin hanya ba su ci ba. Ya tsaya, ya ɗaure na'urar da igiya ta kusurwa huɗu, ya tare mai babur, ya dubi matarsa.

"Hau ki je ki tare likitan. Ko zama ne ki yi a gaban motarsa."

"Da wannan gwiwar tawa?"

"Bakinki ai lafiyarsa ƙalau."

Ƙarfe ɗaya da kwata ya iso. Ya tarar da ita zaune a ƙasa tsakiyar ƙofar asibiti, likita na tsaye a kanta da makullin mota a hannu, ya haɗe rai.

Mutum huɗu suka shiga da na'urar. Likita ya sa mata wani idon gilashi na gwaji, ya dubi lambar da ta fito, ya dubi takarda, ya sake gwadawa. Hawainiya na bakin ƙofa riƙe da bango.

Likita ya ajiye makullin a kan tebur.

"A kawo yarinyar," ya ce.